Ƙafar Yayanku

Hafsa, Anas, wannan babin ku karanta shi a tsanake, kada ku tsallake shi yadda kuke tsallake saƙonnina na waya in sun yi tsawo. Kun taso kuna ganin Yayanku yana ɗingishi, kuma duk wanda ya tambaye ku dalili amsa ɗaya kuke ba shi: wai wata maƙwabciyarmu ’yar Nijar ce ta ɓata masa ƙafa da tausa. A bakina kuka ji. Ke Hafsa har gishiri kike ƙarawa, ranar bikinki na ji kina gaya wa ƙawayenki wai da tafasasshen ruwa ta gasa shi. To yau zan faɗa muku yadda aka yi, tun bakina yana motsi.

Shekarar nan muna unguwar Hor Al Anz a Dubai, a hawa na uku na wani tsohon bene da lif ɗinsa ke aiki ran da ya ga dama. Fulat ɗin ɗaki uku ne, biyu namu, ɗaya na Malam Isuhu da matarsa Hadiza, mutanen Damagaram. Abbanku da Malam Isuhu ofis ɗaya suke zama a Deira, suna aikin kago, wato aika kayan ’yan kasuwa zuwa gida, ni kuma ina saro abaya da takalma ina aika wa matan Kano. Kicin ɗaya muke shiga da Hadiza, firij ɗaya, sama nawa ƙasa nata. Doguwa ce, baƙa, mai sanyin magana, tana sa “bon” na Faransanci a farkon kowace magana kamar gishiri a miya. Ta yi aikin jinya a garinsu kafin aure ya kawo ta Dubai, a nan kuwa ba ta da takardar aiki, sai zaman gida. Shekararta takwas da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Ku kuke kiranta Tanti, ita ta koya muku.

Sai kun san yadda nake da Yayanku kafin ku gane sauran. Ku ’ya’yan zamani ne, kun ga ina rungume ku kamar ’yar tsana, kuna tsammanin haka kowa ya samu. A gidanmu na Kano ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka faɗar sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, kuma mutunci ce, haka Inna mahaifiyata ta yi wa yayata, haka aka yi wa Inna. Yana cika shekara biyu Inna ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma har ya kai tara, lokacin da bizarsa ta fito aka kawo mana shi. A Kano wannan al’ada ba ta cutar da yaro, don in uwa ta janye hannunta akwai hannu goma da za su miƙo: kaka, gwaggo, inna, maƙwabta. Ni kuwa na kwaso kunyar na zo da ita Dubai, hannayen goman na baro su a gida. Ina kiransa “kai” ko “yaron nan”. Mutane ma Maman Hafsa suke ce min. Wallahi ina sonsa, in yana cin abinci ta gefen ido nake ƙirga lomarsa, amma ban san ta inda ake fara taɓa yaro ɗan shekara tara da ba ka saba taɓawa ba.

Hadiza ba ta san wannan wahalar ba. Ranar da ya iso ma ta dafa kansa, ta kira sunansa da cikakken baki, har yana amsa kuwwa a falo.

“Sadiƙu! Zo ka ɗanɗana min dambun nan, ka gaya min ko zogalen ya ji.”

A bakinta na rubuta sunan nan, ba a nawa ba. Da farko daɗi na ji, na ce Allah ya kawo min hannu ɗaya daga cikin goman. Amma shekara tana tafiya na lura in ya dawo daga makaranta ƙofarta yake fara ƙwanƙwasawa. In ya ci jarrabawa ita ke fara ganin takardar. Ni sai dai in ji dariyarsu ta bango ina lissafin kwalayen takalma. Ba ta taɓa yi min rashin kunya ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai, don na rasa inda zan kama ta.

Ciwon ƙafa a gidan nan ke Hafsa kika fara shi, kina shekara bakwai. Da an yi sallar isha sai ki hau kuka, ki riƙe ƙwaurinki duka biyu, yau kin fi jin na dama gobe na hagu. In zaunar da ke a cinyata in murza miki da man zaitun har ki yi barci. Gari na wayewa ki diro daga gado da gudu kamar ba ke ba. Na tsorata, sai Hadiza ta duba ki, ta lanƙwasa nan ta danna can, ta yi dariya.

“Bon, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ciwon girma ne. Ki ci gaba da murza mata, da kansa zai wuce.”

Ya kuwa wuce bayan ’yan watanni. Sai na riƙe kalmar nan gam, na sa ta a aljihu, na ɗauka na zama likita.

Yayanku yana shekara goma sha biyu lokacin, ya yi ƙiba sosai. Yo me zai hana? Zafin garin nan ba ya barin yaro ya fita, daga makaranta sai falo, ga shawarma a ƙasan bene. Wata rana ya tsaya a ƙofar kicin yana murza gwiwarsa ta hagu, ya ce Umma nan wurin yana min ciwo. Ko juyowa ban yi ba, na ce ciwon girma ne, Hafsa ma ta yi, je ka kwanta. Ya tsaya jim, ya tafi. Bayan kwana biyu zan wuce bayi na ga ƙofar Hadiza a buɗe. Yana kwance a kan dardumarta, ƙafarsa a cinyarta, ta ɗora masa tawul mai ɗumi tana shafawa a hankali, yana ba ta labarin wani malaminsu Ba’indiye suna ƙyaƙyata dariya. Kai! Abin da na ji a ƙirjina ranar nan ban taɓa jin irinsa ba. Kishi ne, ba wani suna zan sa masa ba. Ɗana ne, ni na yi naƙudarsa kwana biyu, amma ƙafarsa ba ta taɓa hawa cinyata ba tun da aka yaye shi. Na wuce na rufe bayi na buɗe famfo don kada a ji ni.

Bayan mako guda ta same ni a kicin ina yanka albasa. Ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe kafin ta yi magana.

“Hajiya, ina so mu yi magana kan ƙafar Sadiƙu. Nasa ba irin na Hafsa ba ne.”

“Ke kika ce ciwon girma ne.”

“Na Hafsa na ce. Ki tuna, nata ƙafa biyu ne, da dare yake zuwa, da safe babu shi, kuma ba ta taɓa ɗingishi ba. Shi kuwa ƙafa ɗaya ce kullum, da ita yake tashi da safe, in ya yi tafiya ta ƙaru. Ki dubi takunsa, Hajiya, tafin ƙafar hagun waje yake kallo. Gwiwar kuma na duba, ba kumburi ba komai. Ina tsoron daga ƙugu abin yake saukowa. A kai shi asibiti a ɗauki hoto.”

Ki dubi takunsa. Ita za ta ce min in dubi takun ɗana! Abin haushin kuma gaskiyarta ne, ban taɓa lura ba. Na ajiye wuƙar na ce na gode, zan duba. Ban duba ba. Na sayo man zafi a kantin magani na miƙa masa na ce ya riƙa shafawa da kansa.

Da ta ga mako biyu sun wuce shiru, sai ta gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya wa Abbanku a ofis. Allah ya jiƙan Abbanku, mutum ne da ba ya son tashin hankali a gida, ya dawo yana sosa gemu ya ce Hajiya an ce yaron nan yana bukatar asibiti, ke ba ki gani ba ne? Tabɗi. Maganar gidana ta je Deira ta dawo, har ana tambayata ko ina da ido. Ban ko sa mayafi ba na fita falo, na same ta tana guga.

“Hadiza, tsakanina da ke akwai wata gaba ne? Me ya kai maganar ɗana ofishin maza?”

“Haba Hajiya, na gaya miki ne ban ga…”

“Ba ki ga me ba? Ke ce uwarsa? In kina son ɗan da za ki kai asibiti, ki haifi naki!”

Na faɗa. Da bakin nan nawa na faɗa, a gabanki Hafsa, kina zaune kina cin biskit, ko da yake na san ba za ki tuna ba. Ta zare wayar dutsen gugar, ta naɗe kayan da ba ta gama ba, ta shiga ɗaki. Daga ranar na hana Yayanku taka ƙofarta, na kuma ce wa Abbanku ya bar min maganar ƙafa a hannuna, na san abin da nake yi.

Ban san komai ba. Ina dai neman hanyar da zan warkar da shi wadda ba ta bi ta bakin Hadiza ba. Ana haka sai ga Hajiya Bilki ta zo daga Kano sayen gwal, tsohuwar abokiyar cinikina, mace mai son nuna ta san gari fiye da mazauna cikinsa. Muna zaune a ɗakinta na otal a Deira na ɗan taɓa mata zancen, ta tafa hannu.

“Asibitin me? Su yanka miki yaro a banza? Akwai masu gyaran ƙashi da hannu a wajen Jumeira, kairo ake ce musu. Kamar maɗoran gida ne, sai dai su na Turawa ne, da takardunsu. Jikana da wuyansa ya ƙage can aka kai shi, matar ta ɗan danna nan ta ja can, ƙas, khalas, shi ke nan! Ba allura ba magani.”

Na ji kamar an ba ni kyautar kujerar Makka. Ga abin da Hadiza da duk Faransancinta ba ta taɓa ji ba. Har na hango kaina na dawo da shi yana tafiya garau, in wuce ta gabanta ko kallo ba zan yi mata ba. Na buga waya aka ce layi ya cika sai bayan kwana goma, na ce na ji. A kwana goman nan ɗingishin ya fito fili, har direban motar makarantarsu ya yi min magana. In Hadiza ta gan shi yana bin bango sai ta sunkuyar da kai ta shige kicin.

Ranar Alhamis da la’asar muka je a tasi, ni da shi kaɗai. Wurin sai ƙamshi, ga kifaye a cikin gilashi, ga kayan wasan yara. Matar Baturiya ce mai furfura, hannayenta manya kamar na mai kirɓa sakwara. Turancina na kasuwa ne, na “last price” da “how many carton”, don haka Yayanku ne tafinta. Ta fara tambayata. Wace ƙafa? Na ce duka biyu. Yaushe yake ciwo? Na ce da dare. Da safe fa? Na ce garau yake tashi. Amsoshin Hafsa nake bayarwa, don su kaɗai na sani, su ne ƙafafun da na taɓa riƙewa. Yayanku yana juya mata maganata yana kallon ƙasa, muryarsa tana ƙanƙancewa. Matar ta dube ni ta dube shi, sai ta ce ya tashi ya taka zuwa bango ya dawo. Bai kai bangon ba na ga fuskarta ta sauya.

Ta kwantar da shi a gadon, ta riƙe ƙafar hagun ta ɗaga gwiwar a hankali zuwa ƙirjinsa. Da idona na ga cinyar ta murɗe waje da kanta, ya saki wata ƙara da ta sa na miƙe tsaye. Nan take ta sauke ƙafar, ta ɗaga hannayenta sama kamar wadda ta taɓa wuta. Ta daina tambayata, ta koma tambayarsa, yana amsawa da Turanci, na tsinci “Tanti” har sau biyu a ciki. Sannan ta juyo gare ni tana magana dalla-dalla, shi yana fassarawa.

“Umma, ta ce ba za ta taɓa ni ba. Ta ce wannan ba aikinta ba ne, in ta danna ma ɓarna za ta yi. Wai ba gwiwa ba ce, ƙugu ne, kan ƙashin cinyata ne yake zamewa daga mazauninsa. Ta ce kada in ƙara taka ƙafar. A kai ni asibiti yau, ba gobe ba.”

Ta ƙara wata magana tana murmushi, shi kuwa bai juya min ita ba. Ba na bukatar tafinta, na ji da kunnena. Cewa ta yi antin nan taka ta yi gaskiya, tana da ido. Ta rubuta takarda ta sa a ambulan ta ba ni, ta kira wani ma’aikaci ya turo shi a keken marasa lafiya har bakin tasi. Wannan matar ta fita hakkinmu, Allah ya sani. In kun ji ana zagin masu sana’arta gaba ɗaya, ku ce kun san ɗaya da ta san inda hannunta ya tsaya.

A cikin tasin nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya miƙe ƙafa. In zan kai shi asibiti yau sai da katinsa na lafiya da fasfo, su kuwa suna cikin akwatin ƙarfe a ofishin Abbanku. In na buga wa Abbanku, Malam Isuhu yana tebur na gaba. Kafin magariba Hadiza ta ji cewa na kwashi ɗana na kai har Jumeira don a maimaita min abin da ta gaya min kyauta a kicin. Ina! Na tuna ranar Lahadi Abbanku zai yi tafiya, kuma in zai tafi ni yake kawo wa takardunmu in ajiye. Na ce a raina kwana uku ne kacal, Juma’a da Asabar ba makaranta, yana kwance a gida, Lahadi in kai shi da kaina a ce ni na gano. Abin da ya yi wata biyu, kwana uku me za su ƙara masa? Haka na lallashi kaina. Na tura ambulan ɗin can ƙasan jaka, na juya na kalle shi ido cikin ido, abin da ban saba ba.

“Abin da matar nan ta faɗa, kada ka gaya wa kowa. Ko Abbanka. Ni zan san yadda zan yi. Tsakanina da kai ne, ka ji?”

Ya daɗe yana kallona.

“To, Umma.”

Da muka iso lif yana aiki, na ce ka ga ma Allah yana tare da mu. Na ce wa Abbanku an duba shi an ce ya huta. Washegari Juma’a lif ya mutu. Wajen sha biyu Abbanku ya fito cikin farar jallabiya yana fesa turare, ya leƙa ɗaki ya ga Yayanku a kwance.

“Kai, tashi mu tafi masallaci. Ƙaton saurayi kamarka a ce ciwon gwiwa ya hana ka Juma’a? Yalla, maza ɗaura alwala.”

Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Na buɗe baki, wallahi tallahi na buɗe baki zan ce a bar shi. Sai Hadiza ta riga ni. Wata guda ba ta sa baki a maganar gidanmu ba, amma ranar ta fito daga ɗakinta ta rusuna.

“Alhaji, don Allah a yi haƙuri a bar shi ya yi salla a gida. Lif ba ya aiki, benen nan hawa uku ne.”

Abbanku ya juyo yana kallona, yana jiran ta bakina. Yayanku ma daga kan gado ni yake kallo. Da ta yi shiru na daƙiƙa ɗaya, da ni na faɗa, da yau ba na rubuta wannan babin. Amma ta faɗa, kuma in na goyi baya ya zama ita ta hana, ita ta cece shi, a gabana, a gidana. Na ji bakina yana cewa:

“Ya tafi mana. Namiji ne, ba a shagwaɓa shi.”

Ya tashi. Ya sa hularsa ya bi bango ya fita. Ina juya miya na jiyo ƙararsa daga hawa na biyu, irin ta jiya a gadon Baturiyar, sai dai wannan ba ta tsaya ba. Hadiza ta riga ni sauka, ba takalmi. Ita ta hana maza su ɗaga shi, ita ta tallafe ƙafar a yadda take har motar asibiti ta zo. Ni ina tsaye a matakala, ludayin yana hannuna.

Ranar aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Likitan ya ce kan ƙashin ya goce gaba ɗaya. Ya ce da an kawo shi tun yana iya takawa, ƙaramin aiki ne, ƙusa ɗaya, bayan ’yan watanni ya koma ƙwallo. Yanzu kuwa ana tsoron jijiyoyin da ke kai wa ƙashin jini sun taɓu, sai an jira a gani. An jira, an gani. Bayan shekara ɗaya da rabi aka sake wani aikin, ƙafar ta gajarce, sauran kun san shi. Takardar Baturiyar a bayin asibitin na yayyaga ta na kora da ruwa. Da na fito Abbanku yana zaune a benci ya dafe kai, jallabiyarsa duk ƙurar bene. Ya ɗago jajayen idanu ya ce Hajiya, garin yaya abu ya kai haka muna gida ɗaya da yaron nan? Ban shirya ƙaryar ba, da kanta ta fito. Na ce ai Hadiza ta daɗe tana gasa masa tana tausa, wa ya san abin da ta gusar.

Magana a Deira ba ta kwana. Kafin a sallamo shi duk matan Kano da ke zuwa sari sun ji, daga kasuwar Naif har kasuwar gwal, kowa da irin ƙarin da take yi. Abbanku bai yi wa Malam Isuhu faɗa ba, gaisuwa kawai ya rage, wannan kuwa ya isa. Ƙarshen wata suka samu ɗaki a unguwar Satwa. Ranar da za su tashi ta yi sallama a ƙofarmu da kwanon dambu a hannu. Yayanku yana kwance, sandunansa a jingine. Ta ajiye kwanon, ta gaya masa ya riƙa motsa yatsun ƙafar kada su sandare, ya bi maganar likita. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Ta miƙe ta tsaya a gabana, ta fi ni tsawo, dole na ɗaga kai.

“Hajiya, Allah ya san abin da hannuna ya yi wa yaron nan. Na bar ki da Shi. Allah ya ba shi lafiya.”

Ko amin ban iya cewa ba. Kuma kada in yi muku ƙarya a babin da na zauna don faɗin gaskiya: da na ji ƙarar akwatinta tana sauka bene, a ƙarƙashin duk tsoron da kunyar da nake ciki akwai wani ɗan sanyi da na ji. Na ce yanzu dai ba shi da kowa sai ni. Ni na riƙa yi masa wanka wata uku, ni nake ɗaga ƙafar in sa matashi. Na samu abin da nake so.

Ba su daɗe a Satwa ba suka koma Damagaram. An ce tana nan da ranta, ta riƙe ’ya’yan ƙaninta. Anas, kai ne mai shige-shige a waya, ka nemo min lambarta ta wajen ’yan Nijar na kago, ina so in ji muryarta kafin ɗayarmu ta riga ɗaya. Hafsa, ki daina ambatonta da sharri daga yau, duk alhakin da kika ɗauka a kanta nawa ne.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shekarun nan shi ne Yayanku. Shi ya fassara min maganar Baturiyar kalma kalma. Ya san da takardar, ya san abin da na ce ranar Juma’a, ya kuma ji ina ɗora wa Tantinsa laifi a gaban baƙi ba sau ɗaya ba. Bai taɓa buɗe baki ba, har Abbanku ya koma ga Allah bai sani ba. Watan jiya ya zo ya kai ni ganin likitan gwiwa, don ni ma yanzu nawa ƙafafun sun fara ƙi. Ya ajiye mota nesa, muka taho a hankali, ni da sandata shi da takalminsa mai tudu. Muka zauna a benci muna jiran a kira lamba. Ban san daga inda ƙarfin halin ya zo ba, na ce masa, kai, ranar nan a tasi da na ce ka yi shiru, me ya hana ka faɗa? Ko ranar Juma’ar, da ka ce Abba an ce kada in taka, ai da shi ke nan.

Ya yi ɗan murmushi yana juya makullin mota a hannu, mutum mai shekara talatin da wani abu, uban ’ya’ya biyu.

“Umma, ai cewa kika yi tsakanina da ke ne. Tun da na zo Dubai ban taɓa samun wani abu da yake namu mu biyu ba sai shi. Na ji tsoron in na faɗa, shi ma in rasa.”

Aka kira lambata. Ya miƙe ya ɗingisa ya ɗauko min jaka, ya miƙo hannu zai tashe ni, ni kuwa na kasa tashi.